Katin inshorar lafiya na wurin aiki: abin da na gani cikin shekara 3

Shekaranjiya bayan Isha'i muna zaune majalisa nan Badariya cikin Birnin Kebbi, ina laluben canjin mai shayi sai katin ya faɗo daga aljihuna, wani abokina ɗan kabu-kabu ya ɗauka ya juya shi gaba da baya ya ce "wai don Allah wanga kati shina aiki kuwa, ko shi ma irin katin zaɓe na, a aje sai bayan shekara huɗu?" Anka yi dariya, na fara ba shi amsa sai anka katse ni da gardamar ƙwallo, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin a tsanake, don ba shi kaɗai ya taɓa tambayata ba, kuma yanzu na kai shekara 3 ina amfani da katin ni da iyalina, na ga daɗinsa na ga kuma inda yake yoyo.

Ni akanta ne a wani kamfanin casar shinkafa matsakaici, ba cikin manyan nan da kowa ya sani ba, kuma ba zan kama sunan kamfanin inshorar ko asibitin ba don ba tonon silili na zo yi ba. Tattalin arziki na karanta a jami'a a Sakkwato, to in kunka ga na ɗan kauce na shiga bayanin bincike ku yi haƙuri, ciwon 'yan boko ne.

Yadda abin ya faro, wata rana manaja ya tara mu ya ce an yi wa ma'aikatan dindindin rijista da wani kamfanin inshorar lafiya, za a riƙa cire wani abu daga albashi kowane wata kamfani kuma ya ɗora nashi kason. Nan take hayaniya ta tashi. Wasu sun ce a ba su kuɗinsu a hannu, wani dattijo mai kula da sito ya ce shi bai shiga don caca ce, ka biya kuɗi kana jiran ciwo, sai da anka yi ta bayani cewa abin kamar adashi ne na taimakon juna, mai lafiya ya tallafi marar lafiya, gobe kuma in ta juyo kanka a tallafe ka, hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka. Bai gamsu ba amma ya cike fom. Ni kaina ban so ba a lokacin, gaskiya, don albashin da ma bai kai ƙarshen wata balle a ƙara yankar shi.

Tun wurin cike fom na fara cin karo da matsala ta farko. Tsarin namu kwafin na ma'aikatan tarayya ne sak, mutum 6 ke nan, kai da mata 1 da 'ya'ya 4 na cikinka waɗanda ba su kai shekara 18 ba. To jama'a wa ya zauna ya tsara wanga abu, ya taɓa shiga gidan Bahaushe kuwa? Ni matata ɗaya, lokacin 'ya'yana 3, amma akwai ɗan yayana marigayi da nake riƙo tun yana shekara 2, bai san wani uba ba sai ni, na rubuta sunansa a gurbi na huɗu yarinyar da ke karɓar fom ta duba takardar haihuwa ta ce "Malam wannan ba ɗanka ba ne, ba ya shiga." Ga Inna tana gidana da hawan jini, ita ce ma ta fi kowa buƙatar asibiti, ita ma babu, sai dai in biya kuɗin ƙarin mutum daban. Abokin aikina mai mata 2 kuwa ya shiga uku, wace zai rubuta wace zai bari? Ya rubuta uwargida, labari ya kai kunnen amarya, sati guda bai ci abinci mai daɗi ba. Daga baya dole ya biya na ƙari don a zauna lafiya.

Sai jira. An fara cire kuɗi tun watan farko amma sunanmu bai fito a jerin asibiti ba sai bayan wata 2 da 'yan kwanaki, ka je su duba kwamfuta su ce ba ka ciki, ka dawo. Wannan ya wuce dai.

Ranar da na fara yarda da katin ita ce ranar da ƙaramar 'yata ta kwana da zazzaɓi, ƙarshen wata ne aljihu wayam, da a da ne sai in tsaya kemis in ce a haɗa mani na maleriya in ƙara da addu'a, amma ranar na ce bari in gwada. Munka je, anka ciro folda, likita ya duba ta, anka yi gwajin jini, anka rubuta magani, na je wurin karɓa sai mai ba da maganin ta ce in kawo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin maganin kawai, abin da na biya bai kai kuɗin mai ɗin da na sa a babur na kawo mu ba. Na tsaya ina kallon rasit kamar an yi kuskure. Ganin likita kyauta, gwaji kyauta. Na fito ina jin kaina wani babban mutum.

Amma babban gwajin shi ne haihuwar ɗana na huɗu, kuma nan zan daɗe don nan ne na ga fuska biyu ta abin a dare ɗaya. Watan Agusta ne ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, naƙuda ta kama maiɗakina tun bayan Magariba, munka kai ta ƙaramin asibitin da muke da rijista inda take awo, har ƙarfe 11 na dare babu labari, ungozomar ta fito ta ce yaron bai juyo daidai ba sai an yi tiyata, kuma su ba su yi, sai babban asibiti. Anka rubuta mana takardar turawa. Mun isa can wajen sha biyu da rabi, likita ya duba ya ce a shirya ta yanzu, sai mai karɓar kuɗi ya ce "ina kod?" Na ce wane kod kuma? Ashe duk aikin da ya wuce na ƙaramin asibiti, tiyata ko ganin babban likita ko wani sikanin mai tsada, sai kamfanin inshora ya turo wata lamba ta amincewa kafin asibiti ya yarda za a biya shi, babu wanda ya taɓa gaya mana haka ranar da anka raba kati. Na kira lambar da ke bayan katin ta yi ta ƙara babu mai ɗauka, na kira ta biyu a kashe, ma'aikacin asibitin shi ma ya tura saƙo shiru. Matata tana ciki tana salati ni ina waje riƙe da waya ruwa na dukana. Ƙarshe mai karɓar kuɗin ya ce, cikin mutunci dai ban ƙi faɗa ba, "Malam ka aje wani abu a hannu a shiga da ita, in kod ya zo a mayar maka." Na tada ƙanen matata daga barci ya turo mani, na haɗa da ɗan abin da ke asusuna na aje. Anka yi aiki, Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Kod bai iso ba sai ƙarfe 9 na safe lokacin har mun yi wa yaro huɗuba an kawo kunu.

Kuɗin da na aje sai da na yi sati 5 ina zarya kafin su dawo, yau akanta bai zo ba gobe oga bai sa hannu ba, ni da nake akanta na san wannan waƙar sarai. Amma sun dawo cif. Kuma in an cire jini leda 1 da ƙanena ya bayar da ɗan kason magani, tiyatar nan da gadon kwana 5 ban biya ko kwabo ba. A gadon da ke kusa da namu akwai wata baiwar Allah daga wani ƙauye ta wajen Bunza, ita ma tiyata, mijinta manomi ne, mun yi hira a baranda ya ce mani sai da ya sayar da ɗaya daga cikin shanun hudarsa a tsakiyar damina kafin ya haɗa kuɗin, kuma ya san an yi masa wulaƙancin farashi don mai saye ya ga idonsa ya san a matse yake. Aiki iri ɗaya, likita ɗaya, ɗaki ɗaya, ni na fita da bashin godiya shi ya fita da sa guda a turke. Ban iya ce masa komai ba sai Allah ya mayar da alheri. Na ji a 2025 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta ba kamfanonin umarni su riƙa fitar da wanga kod cikin awa 1, to madalla, da a ce tun lokacin ne da ban sha ruwan Agusta ba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mani rai, kuma duk mai irin wanga kati zai gaya maka haka: "babu shi, sai dai ka saya a waje." Wannan jimlar na ji ta har na haddace muryar mai faɗinta. Farasitamol akwai, maganin maleriya na gama-gari akwai, amma da zarar likita ya rubuta wani abu mai ɗan nauyi sai a zagaye shi da biro a ce ka tsallaka titi, kuma abin haushi wani lokacin kana tsaye za ka ga wanda ya zo da kuɗi a hannu an ɗauko masa irin maganin daga ƙasan kanta. Layi ma biyu ne ko da ba a rubuta ba, mai kuɗi a hannu da 'yan kati, kuma ka san wanda ake fara kira. Akwai wata nas da in ta ga foldarmu mai launi daban sai ta ce "'yan inshora ku ɗan jira" da wata irin murya kamar mun zo maula, alhali kowane wata sai an yanki albashina ko na zo ko ban zo ba.

Na daɗe ina jin haushin asibitin har wata rana na zauna da wani likita abokin yayana ya warware mani lissafin, sai na rage zagi. Ƙaramin asibiti ba a biyan shi bisa abin da ya yi maka, ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi ne kan kowane kai da ke jerinsa duk wata, ka zo ko kar ka zo, daga ciki zai duba ka ya yi ƙananan gwaje-gwaje ya ba ka magani. A tsarin tarayya wanga kuɗin kai ya tsaya naira 750 sama da shekara 10, ana nan anka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta faɗi, magani ya ninka ya sake ninkawa, dizal ɗin janareta ya hau, shi kuwa 750 yana nan inda yake, sai a 2024 da 2025 anka ɗaga shi. To ka sa kanka a matsayin mai asibiti, duk majinyacin da ya shigo da kati ragi ne daga abin da ke hannunka, duk wanda ya zauna gida riba ne, mi kake tsammani zai faru? Ga shi kuma ya ce kuɗin ma ba kullum suke zuwa kan lokaci daga kamfanin inshorar ba. Wannan ba uzuri ba ne ga murtuke fuska, murmushi ai ba da dala ake sayo shi ba, amma dai na gane ruwa ba ya tsami banza.

Mu ma 'yan kati ba waliyyai ba ne fa. Na san wanda in ɗan maƙwabcinsa ya yi zazzaɓi sai ya ɗauke shi ya kai da sunan ɗansa, na san wanda ciwon kai kaɗan sai asibiti don wai ai ana cire masa kuɗi bari ya ci rabonsa. Wannan tsohuwar gardama ce wurin masana tattalin arziki, in abu ya zama kyauta mutane za su ƙara shan shi. A Amurka wata cibiyar bincike mai suna RAND ta yi wani babban gwaji daga shekarun 1970 zuwa 1982, anka raba iyalai, wasu komai kyauta wasu suna biyan kaso, anka ga masu kyautar sun fi zuwa asibiti da kusan kashi 30 cikin ɗari kuma ga yawancin mutane lafiyarsu ba ta bambanta da ta sauran ba. Daga irin wanga tunani ne ake kare kashi 10 ɗin da muke biya na magani. Sai dai abin da masu kawo wanga hujja ba su cika ƙarasawa ba, a cikin gwajin nan talakawa masu hawan jini sun fi samun sauƙi a ɓangaren kyauta, kuma da anka sa biya mutane ba ziyarar banza kaɗai sunka rage ba har da wadda ta zama dole. Mu nan matsalarmu ba yawan zuwa asibiti ba ce, matsalarmu mutum ya kwanta gida ana jiƙe-jiƙe sai ya galabaita a ɗauko shi ranga-ranga.

Wanda ya fi burge ni shi ne binciken jihar Oregon ta Amurka a 2008. Gwamnatin jihar tana da gurbin inshorar talakawa kaɗan masu nema da yawa, sai anka yi ƙuri'a, masu bincike sunka bi waɗanda sunka ci da waɗanda ba su ci ba. Bayan kamar shekara 2 ba a ga wani bambanci a fili ba a awon hawan jini ko suga, amma bashin asibiti ya ragu, irin kashe kuɗin da ke durƙusar da gida ya kusa ɓacewa, ciwon damuwa kuma ya ragu sosai. Da na karanta na ce wallahi ni ne wannan. Katin bai sa na fi kowa lafiya ba, har yanzu ga tumbi ga ciwon baya na zaman kujera, amma in yaro ya yi tari da dare ba na kwana ina lissafin wa zan kira rance.

To ga inda katin ya zame mani igiya a ƙafa. 'Yata ta biyu sikila ce. Duk wanda ke da irin wanga yaro a gida ya san abin da nake nufi, maganin kullum, in sanyi ya shigo ko ta sha wahala ciwo ya tashi sai gado, ƙarin ruwa, wani lokacin jini. Bara wani aminina da munka yi makaranta tare ya zo mani da magana, yana sayen shanshera daga manoman fadama ta wajen Suru da Argungu yana kai wa masu casa, lokacin albasa kuma ya koma Aliero ya loda zuwa kudu, ya ce in bar aikin albashi in zo mu haɗa hannu ni in riƙe lissafi da kuɗi shi ya riƙe kasuwa. Na duba littafinsa da idon akanta, harkar tana da kyau, abin da zan samu ya fi albashina nesa. Na yi sati 2 ina juya abin, na yi istihara, na shawarci maiɗakina, ita tambaya ɗaya ta yi mani, "to katin fa?" Don ranar da na aje aiki ranar sunanmu zai fita daga kwamfutar asibiti, mu 6 gaba ɗaya. Na ce wa aminina ya yi haƙuri. Yanzu ya sayi mota ni ina nan da babur ɗina.

Abin da ya ba ni dariya mai ciwo, wanga abu mun karanta shi a aji ina ganin matsalar Turawa ce. A Amurka inshorar lafiya ta manne da wurin aiki ne tun lokacin yaƙin duniya na biyu, da gwamnati ta hana ƙarin albashi sai kamfanoni sunka koma jan ma'aikata da inshora, abin ya zauna har yau. Wata masaniya Brigitte Madrian ta fitar da bincike a 1994 da ya nuna inshorar wurin aiki tana rage barin aiki don raɗin kai da kusan kashi 25 cikin ɗari, wato mutum ya ga aikin da ya fi ko sana'ar da zai buɗe amma ya maƙale don tsoron rasa asibiti. Ashe ni ma zan shiga cikin lissafin daga Birnin Kebbi. Kuma ba ni kaɗai ke asara ba, da na tafi da wani matashi mai digiri da ke zaune gida ya samu kujerata, mu kuma can da mun ɗauki yara 2 ko 3.

Wani abin kuma da nake gani da idona tunda ni ke haɗa takardar albashi. In manaja ya ce "kamfani ne ke biya maku kaso mafi yawa" sai in yi shiru kawai, don shekarar da anka shigo da inshora ita ce shekarar da ba a yi mana ƙarin albashi ba, kuma a littafi duk layi ɗaya suke, kuɗin ma'aikata. Masana sun daɗe suna faɗin haka, cewa irin wanga kaso na mai aiki yawancinsa daga aljihun ma'aikaci yake fitowa ta bayan gida. Ban ce zalunci ba ne, ni dai ko an ba ni zaɓi yau katin zan ɗauka, amma a daina yi mana gori.

Sannan su wa ke da katin a kamfanin? Mu na ofis da masu kula da inji da direbobi. 'Yan dako da ke sauke buhu daga tirela, matan da ke tsintar tsakuwa da shara, yaran da ke shanya, duk 'yan wucin gadi ne ana biyansu a rana ko a sati, kuma su ne ke shaƙar ƙura su ne buhu ke faɗo wa. Sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Akwai wanda ya shekara 6 yana dako a wurin har yau sunansa na wucin gadi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, in an mayar da shi na dindindin sai fansho, wanda dokar 2014 ta ce mai aiki ya sa kashi 10 ma'aikaci kashi 8, sai inshora, sai mafi ƙarancin albashi da ya koma 70,000 a 2024, nan Kebbi ma gwamnati ta sa 75,000 ga nata ma'aikata. Kowane alheri da anka rataya a wuyan aikin dindindin yana ƙara wa mai kamfani dalilin ƙin ba da shi. Ranar da wani ɗan dako ya karye a ƙafa karo-karo munka yi anka kai shi wurin masu ɗori.

Shi ya sa in na ji ana cewa inshora ta zama dole sai in yi murmushi. E, gaskiya ne, tsohon tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da anka kafa da dokar 1999 ya fara aiki a 2005 na ganin dama ne, a Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta shi kan kowa. Amma ta ina za ka kamo mutane? Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ta canza yadda take auna rashin aiki, ya sauko daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 zuwa 4.1 a farkon 2023, ba don an samu ayyuka ba sai don yanzu ko awa 1 ka yi aiki a sati an ƙirga ka cikin masu aiki, kuma a rahoton nan nata sama da kashi 90 na masu aikin ba su da takardar albashi, manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da irin abokina ɗan kabu-kabu. Tsarin da ya dogara da yankar albashi ba zai taɓa isa gare su ba, shi ya sa har yau sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita kai tsaye. Ghana da sunka fara nasu a 2003 ba su tsaya kan albashi ba, sun ɗora kashi 2.5 a kan harajin kayan saye don kowa ya zuba ko bai sani ba, su ma suna da nasu ciwon kai na biyan asibitoci a makare amma ta fuskar kason jama'ar ƙasa da ke ciki sun bar mu a baya. Mu ma akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya, wanda ta nan ake yi wa marasa galihu rijista kyauta a asibitocin mazaɓu, kuma jihohi sun buɗe nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya, Kebbi akwai KECHEMA Zamfara akwai ZAMCHEMA, mai sana'ar kansa zai iya zuwa ya biya na shekara. Abin da na gaya wa abokina ke nan, ya je ofis da ƙafarsa ya tambayi nawa ne, wane asibiti, mi da mi ke ciki, kuma ya ce a rubuta masa. Ya ce "in biya kuɗi tun ban kwanta ba?" Na ce kai da ke biyan kuɗin ƙungiya kullum safiya ba ka taɓa tambayar inda suke zuwa ba.

In za ni ba da maki, a kan tiyata da kwanciya da awon ciki zan ba su 9 cikin 10, ɗayan na riƙe shi saboda daren kod. Magani 4, shi ma don Allah. Ɗaukar waya sifili. Ga wanda wurin aikinsa ya kawo masa, karɓi, amma tun ranar farko ka zaɓi asibitin da ke da wurin ba da magani na kirki ba wanda ya fi kusa da gida ba, ka nemi lambar wani mutum mai rai a kamfanin inshorar ba ta bayan kati kaɗai ba, in matarka na da ciki ka yi maganar kod tun wata na 7 don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kowane rasit ka ɗauki hotonsa.

Ni yanzu abin da ke gabana daban ne. Tun da anka buɗe ƙofar shigo da shinkafa ba haraji na kwana 150 a 2024 kasuwarmu ba ta koma daidai ba, injin da ke kwana yana aiki yanzu wani satin kwana 3 yake yi, ana ta raɗe-raɗin rage ma'aikata, in na ga manaja ya kira ni ofis sai gabana ya faɗi, kuma wallahi ba albashin nake fara tunawa ba, foldar 'yata nake tunawa. Ga maiɗakina da ciki na biyar, gurbi 4 kuma sun cika. Na je na tambayi kuɗin ƙarin mutum, na zauna na buga lissafi sau 3, abin da zan iya na mutum 1 ne a shekara. Ga jaririn da ke tafe, ga Inna da maganin hawan jininta da nake saye a kemis duk wata, ga ɗan yayana da rannan ya ɗauki katin ƙannensa yana karanta sunaye ya ce "Baba ina nawa?" Fom ɗin yana cikin jakata sati 2 ke nan ban cike layin sunan ba.